Ƙafar Hagu

Ƙarfe biyun dare a Nepalganj.
Sauro na zagaya fitilar rumfa,
jirgin Simikot na kan jak, tayoyi na reto,
kamar akuyar da aka ɗaga za a duba mata kofato.

Dilmaya Rokaya ta ce in wanke gwiwar hagu.
Na wanke. Ta shafa, ta ce in sake.
Giris munafuki ne, in ji ta,
shi ke rufa wa ƙarfe asiri.

Shekara ashirin da shida tana durƙuso ƙarƙashin fukafukai,
sau uku kacal ta taɓa zama kujerar taga.
Ni watana bakwai a nan,
har yanzu da ido nake dubawa.
Ita da farcen babban yatsa.

Ta fesa jan rini, muka jira.
Shayi ya huce a hannunmu.
Ta goge, ta fesa farar hoda,
muka sake jira.

Sai ga shi ya tsattsafo,
ja, siriri, a lungun da sanda ta lanƙwasa,
bai kai gashin gira ba.
Na yi dariya. Wannan ɗan hakin?
Ba ta ko dube ni ba.

Ƙarfe ba ya karyewa ran da ya karye, ta ce.
Tun bara yake karyewa, tun bara waccan.
Duk sauka a kan tudun can,
da buhunan shinkafa, da gishiri, da kwanon rufi,
duk dawowa da majinyaci kwance tsakanin kujeru,
ya lanƙwasa ya miƙe, ya lanƙwasa ya miƙe.
Ba ya kuka, ba ya ɗingishi.
Ƙirgawa kawai yake yi.

Da asuba manaja Lamichhane ya iso
da riga mai karin guga da waya a kunne.
Fasinja goma sha bakwai na jira,
gajimare ya buɗe yau, wa ya san gobe?
Sauka ɗaya tak, ya ce. Ɗaya.
Ta ce, duk waɗanda suka kawo mu nan
ɗai-ɗai suka zo.
Ya miƙo mata biro.
Ta zura hannuwanta a aljihu
ta tsaya kallon tattabarun da ke kan rodi.

Wata tsohuwa mai zobe a hanci,
kwananta uku a kan benci,
ta leƙo ta shingen waya ta wanke mu tas da zagi.
Sunan jikanta ya wuce ta.
Ban ga laifinta ba.

Kwana goma sha ɗaya sabuwar ƙafa ta zo.
Tsohuwar muka sa mata zarto.
Ashe daga ciki tsagar ta faro,
gashin giran nan bakin rami ne kawai.
Layi bayan layi, baka bayan baka,
irin shaidar da kogin Rapti ke bari a yashi
in damina ta janye.
Wajen ya yi duhu, ya yi santsi don tsufa.
Lafiyayyen da ya rage na aza masa yatsu biyu,
suka rufe shi ruf.
A kan wannan ake ɗora mutane
da kayansu, da addu'o'insu.

Babu jaridar da ta buga.
Abin da bai faru ba ba shi da hoto,
ba a kai masa furanni,
ba a kafa masa kwamiti.
Lamichhane ya yi wata guda ba ya gaishe ta.

Guntun na nan kan teburinta,
da shi take danne takardu kada fanka ta kwashe.
Jiya da ta gama ɗaure notin ƙarshe
ta yunƙura za ta tashi,
sai ta dafa gwiwarta ta hagu, ta ɗan tsaya,
sannan ta miƙe kamar ba komai.

Ban ce uffan ba.
Na ɗauke mata akwatin sifana.